Tambayar Sirrin Baffa

Lokacin da na ajiye alli na zo Washington aikin rediyo, a farkon shekarun dubu biyu, na tarar sashenmu na Hausa ya kasu gida biyu: masu akwatin imel, da masu cewa suna nan tafe. Jagoran gida na biyu wani dattijo ne Bafulatani daga Nijar, wanda kowa ke kira Baffa, har sa'anninsa. Ya fi kowa daɗewa yana karanta labarai, kuma Allah ya ba shi irin muryar nan da ko girgizar ƙasa ta sanar sai ka ji hankalinka ya kwanta. Ni kuwa mahaifiyata Babarbariya ce, don haka tun ranar farko ya shaida wa mutanen ofis cewa an aiko masa da bawa daga Najeriya. Na ce na yarda, in dai da nono zai riƙa biyan albashi. A haka muka zauna.

Kamfanin binciken yanar gizo da ake rububi a lokacin ba sai na kama sunansa ba, wanda ya yi zamanin ya san shi. An ce wasu ɗalibai ne suka fara shi, suna tattara shafukan da suka burge su suna jerawa aji-aji, yadda mai kula da laburaren makaranta ke jera littattafai: kimiyya a nan, wasanni a can. Mutane ne masu jini a jika ke zama su karanta shafi, su yanke hukuncin inda ya dace da shi. Tsarin ya kwanta mini a rai, don na san wahalar duba aikin mutane. In Hausa kake nema, sai ka shiga sashen ƙasashe, ka gangara Afirka, ka ratsa ta harsuna, can ƙasa ka tarar da mu a rakuɓe, 'yan shafuka kaɗan, galibinsu na Turawan da suka koyi harshen suka dawo suna gyara mana shi.

Kafin a jima kamfanin ya zama kasuwar ƙauye ranar cinta. Ga imel kyauta, ga labarai, ga hasashen yanayi, ga ɗakin hira, ga wani shafi na tambaya da amsa inda wanda bai sani ba ke ilmantar da wanda bai sani ba. Amma abin da ya fi yi mana rana shi ne zaure: a tara mutane a ƙarƙashin adireshi ɗaya, wanda duk ya aika saƙo kowa ya samu. Masu jin Hausa a yankin muna warwatse, wasu a Gaithersburg, wasu a Takoma Park, wasu a Largo inda jirgin Metro ke ƙarewa. Da mu 'yan jarida, da ma'aikatan jinya 'yan Filato da Kaduna, da ɗalibai. Aka ce a buɗe zaure ɗaya na kowa da kowa, don suna da ta'aziyya da ganin wata da gayyatar Kirsimeti, da cigiyar mai zuwa gida wanda jakarsa ke da wurin ƙullin daddawa.

Sai dai zaure a tsarin kamfanin dole ya kasance da mai shi, wanda zai shigar da mutum ko ya fitar. Mu kuwa ba ma ba yaro zaure alhali ga babba. Ta haka aka tilasta wa Baffa buɗe akwati, aka kuma ɗora mini zama da shi a gaban kwamfuta, tunda ni ne bawan.

Komai ya tafi daidai har muka iso inda ake zaɓen tambayar sirri, wadda za a yi maka ranar da ka manta kalmar shiga. Na karanto masa zaɓin ɗaya bayan ɗaya. Sunan mahaifiyarka kafin ta yi aure: ya ce me ya sami sunan bayan ta yi auren, kuma da wane dalili zai miƙa sunan uwarsa ga mutanen da ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Sunan dabbar da ka fi so: ya ce shanun babansa kowace da sunanta, ba zai raba musu kai ba. Titin da ka girma: ya dube ni kawai. Da muka zo kan sunan ɗanka na fari sai ya gyara zama, ya sa yatsa a kan gilashin.

"Wannan, Malam. Wannan shi ne sirri."

Na ce ban gane ba. Ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. Shi Bafulatani ne, kuma ɗan fari ɗan kunya ne. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna bai taɓa furta shi ba, haka ma uwarsa. Ko sojoji suka kama shi suka rataye, ba za su ji wannan suna daga bakinsa ba. To wane sirri ya fi wanda mai shi ma ba ya iya faɗa?

Hujjar ta yi kyau har na rasa ta inda zan ɓullo mata. Ya kau da kai yana kallon taga, ni na rubuta sunan, don na san shi. Ni da duk mai jin Hausa daga Baltimore zuwa Virginia. Wannan gefen maganar bai zo wa ɗayanmu a rai ba a ranar.

Ɗan nasa an zo da shi Amurka yana ƙarami, ya girma ya zama mai haɗa magani a wani asibiti a Largo. Yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa, Fulatanci kuwa na faɗa kaɗai ya iya, don shi aka fi yi masa. Uban kan kira shi "wancan", ko "yayansu", da ya kama aiki kuma aka yi masa ƙarin girma zuwa "mutumin asibiti". In ana yabonsa a gaban Baffa sai ya shiga gyaran hula. Ɗan ya saba, ko dai in ce ya daina tambaya. Ya taɓa ce mini lokacin yana makaranta malamarsu ta kira iyayen don ta ji ko akwai matsala a gida, tunda ta lura uban ba ya kama sunansa. Baffa ya je da babbar riga, ya saurare ta har ta gama, ya yi mata godiya.

Zauren ya bunƙasa, Baffa kuma ya zama mai unguwa na sosai. Saƙonsa ba ya ɓacewa kowa. Sai ya gaida maza, ya gaida mata, ya tambayi yara da karatu, ya yi wa masu aikin dare sannu, ya tambayi sanyi ko zafi gwargwadon lokaci, sannan can a layin ƙarshe ya ce an ɗaga taron gobe. Mutane suka koyi fara karanta shi daga ƙasa. Bayan na zaure kuma, akwai masu rubuto masa shi kaɗai: wanda takardun zamansa suka rikice, wadda aurenta ke tangal-tangal, wanda ɗansa ya faɗa hannun 'yan sanda. Da can sai an je gida an durƙusa ake irin wannan magana. Yanzu ga akwati.

Kamfanin kuwa ya fara tsufa a gabanmu. Wani sabo ya fito da shafi fari fes, ba komai a kai sai gurbin rubutu, ka tambaye shi ya ba ka amsa ba tare da ya zagaya da kai kasuwa ba. Matasa suka kwashe suka koma can. Baffa ya ce makiyayi ba ya barin mashayar da ya sani don an ce wata ta fi sanyi. Aka zo aka taya tsohon kamfanin da daraja ya ƙi sayarwa, daga baya ya rasa mai taya shi ko rabin haka. Na ce wa Baffa lalle masu kamfanin nan danginsa ne, sai sa ya rame ake kai shi kasuwa. Ya ce ai gara su, Barebari ko san ba su da shi.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci da masu kamfanin. Labari ya zo cewa kamfanin ya miƙa wa wata gwamnati bayanan akwatin wani ɗan jarida, aka ɗaure mutumin. Ni na fassara, shi ya karanta. Da ya fito daga ɗakin watsa shiri ya ce wanda aka ba ajiya ya nuna wa dogari inda take, ba a sake ba shi ko allura. Ya yi kwanaki bai buɗe akwatinsa ba. Sai matar wani ta haihu a Gaithersburg, ana jiran mai zaure ya sanar, ya koma yana gunaguni.

Abin ya faru ne bayan ya yi ritaya, yana zaune a Largo a irin gidajen nan masu haɗe da juna, kusa da ɗansa. Wata Asabar da hantsi saƙo ya shigo zaure daga akwatin Baffa, da Turanci, layi uku: yana wani birni a Turai, an sace masa jaka da fasfo, a taimaka a turo abin da ya sawwaƙa cikin gaggawa. Ban gama karantawa ba wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, wadda muke kira Sista, ta bugo mini waya.

"Malam, ka ga abin nan? Ba Baffa ba ne."

Na ce nima haka nake zato, amma me ya sa ta tabbata.

"Bai tambayi yara ba. Baffa ko a bakin kura yake sai ya ce ina gajiya."

Ta rubuta haka a zauren, nan take aka fitar da ita. Wanda duk ya ce uffan sai a kore shi, don ɓarawon ya gaji sarautar da duk ikonta. Wasu ɗalibai sababbin zuwa, da ba su san gaisuwar Baffa ba, har sun fara tambayar inda za a tura. Amma ba wannan ya fi tayar wa Baffa hankali ba da na same shi a gida bayan azahar. Yana zaune a falo ba hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce in an yi bara da sunansa, sunansa ne, zai wanke. Asiran mutane fa? Duk abin da aka rubuto masa a ɓoye shekara da shekaru yana cikin akwatin nan, a hannun wanda bai san kunya ba. In ɓarawon ya ga bara ba ta ci ba, ya juya kan masu asiran, da wane ido zai dubi jama'a?

Mutumin asibiti yana nan, ya riga ya gwada duk abin da ake gwadawa a kwamfuta, an canza komai. Shi ne ya ce yana zargin ta tambayar sirrin aka shiga, tunda sunansa na cikin sanarwar bikinsa da ta sunan 'ya'yansa, a zauren da kowa ke karantawa. Baffa ya dube ni, na dubi kafet. Ba mu taɓa tabbatarwa ba dai. Shekaru bayan haka kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa ba ƙofar mutum ɗaya aka ɓalle ba, katangar gidan gaba ɗaya ta daɗe a ƙasa, su ne ba su faɗa ba.

Abin da ya rage shi ne a kira kamfanin. Ɗan ya samo lambar, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur. Aka sa mana kiɗa mai tsawo, irin wanda ba a yi shi don a ji daɗi ba. Goggo, matar Baffa, ta kawo shayi ta tsaya a ƙofar kicin. Can wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Ɗan ya yi mata bayani, ya ce ga mahaifinsa a zaune, ga abokin aikinsa. Ta tambayi ranar haihuwa, Baffa ya ba ta wadda ke cikin fasfo. Ta tambayi unguwar da yake lokacin da aka buɗe akwatin, da mutanen da ya fi rubuta wa, ya amsa. Sai ta ce saura abu ɗaya, tambayar asali da aka buɗe akwatin da ita, kuma dole mai akwatin ne zai amsa da bakinsa: mene ne sunan ɗansa na fari?

Goggo ta juya ta shige kicin, muka ji an kunna famfo.

Ɗan ya ce wa yarinyar ai shi ne ɗan farin, ga shi, zai iya faɗa. Ta ba shi haƙuri, ta ce ƙa'ida ce. Baffa ya tambaya da Turancinsa mai ƙanshin Faransanci ko akwai wata tambayar, ko ta shanu ce. Babu. Na matso na raɗa masa cewa ai ba ta ganinmu, bari in kwaikwayi muryarsa in faɗa, shekara nawa ina yi a ofis in ba ya nan.

"Tun safe wani ke yawo da sunana yana cewa shi ne ni," in ji shi. "Yanzu ku zama biyu?"

Na koma na zauna. Ɗan ya ce masa da Turanci, a hankali, ba da faɗa ba, Baba sunana ne kawai, kai ka zaɓa mini shi. Baffa ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar an rubuta wani abu a jiki. Yarinyar ta ce tana nan tana jira, amma in ba a amsa ba sai dai ta rufe maganar, kuma ba ta da wata hanyar.

Shayina har ya yi fata. Sannan Baffa ya yi gyaran murya, ya yi magana yana kallona, ba ɗan ba.

"Malam, ka ce wa wancan ya je ya duba motarsa. Kamar na ga bai gyara mata tsayuwa ba."

Motar na tsaye daidai, ana hango ta ta taga. Ɗan ya ɗauki makulli ya fita ya ja ƙofa. Na yunƙura zan bi shi, Baffa ya ce in zauna, bawa ba ya cikin lissafi. Ya ɗauki wayar, ya rasa yadda ake rufe muryar, ya haƙura. Ya tashi ya je kusurwar falo ya fuskanci bango, kamar yaron da aka ba horo, ya faɗi sunan cikin raɗa.

Yarinyar ta ce ta yi haƙuri, ba ta ji ba, ko zai maimaita.

Ya maimaita, da ɗan ƙarfi. Ta ce layin ba shi da kyau, kuma kamar akwai ƙarar ruwa a kusa. Gaskiyarta, Goggo ta ƙure famfo.

Na ga kafaɗunsa sun miƙe. Ya ja numfashi irin na mai shirin buɗe labaran duniya, ya sake faɗa a karo na uku da muryar nan ta rediyo, kowace gaɓa a wurinta, cikakken suna, ba gaggawa. In akwai mai sauraro a ƙarshen layin gidajen nan, ya ji. Famfo ya tsaya.

Yarinyar ta yi godiya, ta ce amsa ta yi daidai, kuma sunan yana da daɗi. Baffa ya juyo daga bango. Ya miƙo mini wayar ya shige ciki, ya fito da hularsa a ka.

Sauran aikin ni da ɗan muka yi, bayan ya shigo yana kallon ko'ina ban da inda uban yake. Ginin gidajen Largo ba shi da kauri, kuma a kan matakalar ƙofa ɗan ya zauna, bai je ko kusa da mota ba. Muka kori ɓarawon, muka mayar da Sista da sauran korarru. Ba mu ga alamar ya taɓa saƙonnin mutane ba, da alama Hausa ta yi masa yawa. Baffa ya ce kafin komai a cire tambayar nan a sa wata. Sannan ya sa na rubuta wa zaure cewa yana gida lafiya, bai je Turai ba, ba ya kuma da niyya. Maganar layi ɗaya ce, amma sai da muka cika shafi.

Da la'asar ɗan ya ce zai sauke ni a tashar Metro. Baffa ya rako mu bakin ƙofa, ya ce mini in gaya wa mutumin asibiti ya riƙa tuƙi a hankali. Mutumin asibiti na tsaye a gefena.

Muka kama hanya. Sai da muka tsaya a danja ya yi wata 'yar dariya, ya ce ashe ba haka ake faɗin sunan ba. Shi tun yana firamare yadda malamai da abokai ke kiransa haka ya ɗauka, ya ja farkon ya haɗiye ƙarshen, haka yake gabatar da kansa a asibiti, haka matarsa ke kiransa. Na ce ai mu ma muna faɗa daidai, bai dai saurara ba. Ya ce namu daban, na Hausawa ne. Ya gwada faɗa yadda uban ya faɗa, bai samu ba. Ya sake gwadawa. Fitila ta ba mu hannu, na bayanmu ya yi mana hon, shi kuwa yana ta gwaji har muka isa tasha.

Da zan fita ya riƙe ni da tambaya, wannan karon da Hausa, a karye amma a tsaye.

"Kawu, kana gani zai sake faɗa?"

Na ce masa in yana so, sai ya nemo wani ɓarawon.